Kofi ba shi ne gadon koci ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa da kofuna ake auna kocin makarantar sakandare a Amurka. A Parkersburg ta jihar Iowa, garin da a lokacin mutanensa ba su kai 2,000 ba, Ed Thomas ya horar da yara ƙwallon Amurka (wadda ake runguma a gudu da ita) daga 1975 zuwa 2009, kuma kofin jiha sau 2 kacal ya ɗauka. Ɗalibansa 4 sun kai NFL, babbar gasar ƙwararru ta ƙwallon Amurka, amma ba wannan ne mutanen garin ke fara ambata ba. Da guguwa ta rushe wani babban ɓangare na garin a Mayun 2008, har gidansa, shi ya tara jama'a suna tsintar gilasai da ƙusoshi a filin wasa. Kafin kaka ta wuce, yaran sun buga wasa a kansa.