Waiwaye: Yadda Ruwan Sha Ya Koma Wuyan Magidanta a Birnin Kano

Kafin zuwan famfo, birnin Kano ya dogara ne ga rijiyoyi da kududdufai da rafin Jakara, wanda ya ratsa gari ta gefen kasuwar Kurmi. Sunayen unguwanni irin su Rijiyar Lemo da Rijiyar Zaki da Rijiya Biyu suna nuna yadda zaman jama'a ya riƙa bin inda ruwa yake. Kududdufan kuwa ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, damina ta cika su, aka riƙa wanki da shayar da dabbobi a cikinsu. Ba za a ce ruwan wancan zamani tsarkakakke ba ne, domin Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya yi magana a kan fadamar Jakara da illarta ga lafiyar mazauna gari. Sai dai wahalar jan guga ta koya wa mutane tattali, kuma kowace rijiya tana da masu ita da masu sa mata ido.

Tattalin nan yana da gindi a cikin addini. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya na ruwa, yana kuma wanka da sa'i ɗaya, sannan ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu. Malaman zaure sun daɗe suna karantar da wannan a babin tsarki, kuma ana ganin tasirinsa a tsakar gida: randa tana da marufi, tana da moɗa guda da ba a taɓa ajiye ta a ƙasa, buta ta wadatar da alwala, ruwan ɗaurayar wanki kuma ba a zubar da shi sai an yayyafa wa tsakar gida kafin shara.

Sauyi na farko ya zo ne a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, lokacin da aka gina matatar ruwa ta Challawa da kuɗin baitulmalin En'e, aka fara tura ruwa zuwa tankunan Goron Dutse a farkon shekarun 1930, daga nan ya gangaro cikin gari. A wannan zamanin ne kuma duba-gari ya yi tashe. Ma'aikacin tsafta ne mai ikon shiga gida ya buɗe randa, ya leƙa masai, ya duba kwata, kuma idan ya tarar da tsutsar sauro a ruwa, maigida na iya tsintar kansa a gaban alƙali. Dattawa suna tuna shi da tsoro fiye da ƙauna, kuma akwai ƙorafin cewa wasunsu sun wuce gona da iri, amma aikinsu ya tabbatar da wata ƙa'ida da daga baya ta yi rauni, wato cewa ƙazantar gidan mutum ba tasa ce shi kaɗai ba.

Bayan ƙirƙiro jihar Kano a 1967, Gwamna Audu Bako ya mayar da hankali ga madatsun ruwa, mafi girmansu Tiga, wanda aka kammala a 1974. Madatsar Challawa ta Ƙaraye ta biyo baya a farkon shekarun 1990, sannan aka gina sabuwar matatar Tamburawa da ta Watari a zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau. Duk da haka gari ya fi famfo saurin tafiya. Unguwanni sun yi ta tsirowa a bayan ganuwa ba tare da an shimfiɗa musu bututu ba, tsoffin bututun cikin birni sun ruɓe suna yoyo, rashin wutar lantarki kuma ya sa injinan turo ruwa suna kwana a tsaye. Akwai wata illa da ba a cika faɗa ba game da famfon da ke zuwa yana ɗaukewa. Idan bututu ya zauna babu ruwa, kuma ya ratsa ta cikin kwata kamar yadda ake gani a lunguna da yawa, ruwan kwatar yana iya shiga ta inda ya tsage, ranar da aka saki ruwa kuma shi ne zai fara isa gidajen mutane.

Da famfo ya gaza, kowa ya nemi mafita ta kansa. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse ya ɗora tanki a kan soro. Mara hali ya koma ga ɗan garuwa, wanda ke tura kura cike da jarkoki daga wata burtsatsen kasuwanci zuwa ƙofar gida, kuma da yawa daga cikin masu wannan sana'a 'yan ci-rani ne, har da waɗanda suka fito daga Jamhuriyar Nijar. Ruwan leda ya cike sauran gurbin tun daga shekarun 1990, hukumar NAFDAC kuma ta ɗauki nauyin yi wa masu sarrafa shi rajista, ko da yake sa ido a kan ɗaruruwan ƙananan kamfanoni ba ƙaramin aiki ba ne. Sakamakon shi ne talaka yana sayen kowace lita da tsada fiye da wanda famfo ke zuwa gidansa, saboda haka ba ya bukatar a yi masa wa'azin tattali. Matar da ta sayi jarka biyu don girki da wanka da wanke-wanke ta san lissafin kowane kofi. Ɓarnar ruwa ta fi yawa a gidajen da ke da burtsatse, inda ake kunna inji a manta da shi, tanki ya cika ya yi ta ambaliya a lungu, ko a wanke mota da tiyo a buɗe alhali rijiyoyin maƙwabta suna ƙafewa tun kafin bazara ta tsananta.

A nan ne mafitar ɗaiɗaiku ta ci karo da iyakarta. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar tazarar kusan mita 30 tsakanin rijiya da masai, amma a unguwannin da aka yanka filaye ƙanana, wannan ba mai yiwuwa ba ne a cikin gida ɗaya. Mutum zai haƙa rijiyarsa a kusurwar da ta fi nisa da bayan gidansa, sai ya tarar katanga ce kawai ta raba ta da masan maƙwabcinsa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san iyakar fili ba. Haka jarkar ɗan garuwa: ko da burtsatsen da ya ɗebo ruwan tana da kyau, idan cikin jarkar ya yi gansakuka, ko bakinta a toshe yake da tsohuwar leda, abin da ya isa randa ya riga ya gurɓata. Alif da wasu ke jefawa yana kwantar da laka ne kawai, ruwan ya yi garau a ido, amma ba ya kashe ƙwayoyin cuta. Tafasawa ko sinadarin kulorin ne ke yin wannan.

Masana'antu sun ƙara nasu. Kamfanonin jima da na saƙa a Bompai da Sharaɗa da Challawa sun daɗe suna sakin ruwan da suka yi amfani da shi cikin rafukan Getsi da Salanta da kogin Challawa, kuma binciken jami'o'i ya sha gano sinadarin kuromiyam da wasu ƙarafa masu illa a cikinsa. Getsi yana haɗuwa da Jakara, su gangara zuwa madatsar Wasai, a hanya kuma masu lambu suna ban-ruwan latas da kabeji da shi. An rufe saman wani yanki na Jakara aka shimfiɗa titi a zangon mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, wanda ya rage wari da zubar da shara a wurin, amma ruwan da ke bi ta ƙasa yana nan yadda yake.

Kwalara ce ke bayyana illar wannan sakaci. Kano ta sha fama da ita a 1996, shekarar da ta haɗu da sanƙarau da ƙyanda, kuma a 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu a faɗin Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, jihohin Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Akwai abin dubawa a tarihin yaƙi da kurkunu, domin cuta ce da ba ta da magani ko rigakafi, kuma an kawar da ita a Najeriya ne ta hanyar kare ruwa. A ƙidayar farko ta ƙarshen shekarun 1980 an samu masu ita sama da 650,000 a Najeriya. Abin da aka yi shi ne raba ƙyallen tace ruwa gida-gida, da naɗa 'yan sa-kai a kowane ƙauye, da hana mai kurkunu a ƙafa shiga tafkin da ake sha, yayin da Janar Yakubu Gowon ya riƙa zagaya ƙauyuka tare da Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, yana neman goyon bayan sarakuna da gwamnoni. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008 a jihar Enugu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar wa Najeriya rabuwa da ita a 2013. Irin wannan tsari ne ya kai Jigawa ga zama jiha ta farko da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, inda dagatai da masu unguwanni da limamai suka shiga gaba, kwamitocin ruwa da tsafta na ƙauyuka kuma suka riƙa tara kuɗin gyaran famfon tuƙa-tuƙa.

A ganina, wahalar ita ce dasa wannan tsari a birni. Kano tana da ƙungiyoyin taimakon kai da kai da ke fita aikin gayya su yashe kwatoci kafin damina, tana kuma da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, amma aikinsu ya fi tsayawa kan sharar da ido ke gani. Ƙauye yana da tafki ɗaya ko famfo biyu da kowa ya sani, unguwar birni kuwa tana da burtsatse masu yawa a cikin gidajen da aka kulle, masu haya suna shigowa suna fita, mai unguwa kuma ba shi da ikon duba-garin da. Abin da ƙungiyar unguwa za ta iya kamawa shi ne wuraren da ruwan mutane da yawa ke bi: burtsatsen da 'yan garuwa ke ɗiba, a riƙa kai ruwanta gwaji, a kuma tanadi wurin wanke jarkoki da kulorin a bakinta, tankin masallaci da na makarantar Islamiyya, a sa ranar wanke su, sannan a shawarci maƙwabta kafin wani ya haƙa sabon masai ko sabuwar rijiya a jikin katanga.