Yawon Shaƙatawa na Iyali a Jirgin Ruwa

Yawon shaƙatawa na iyali a jirgin ruwa hutu ne da iyaye ke yi da 'ya'yansu a cikin babban jirgin fasinja, wanda shi ne abin hawansu, shi ne kuma masaukinsu. Jirgin yakan yi tafiyarsa da dare, da wayewar gari ya yada zango a wata tasha, fasinjoji su sauka su zaga gari, su dawo kafin ya tashi da yamma. Yawanci yakan koma tashar da ya taso. A nan ya bambanta da jiragen jigila na da, waɗanda aikinsu shi ne ƙetarar da mutane daga wata nahiya zuwa wata. Gajeren yawo kan ɗauki kwana 3 ko 4, amma na mako guda ya fi yawa. Ƙungiyar kamfanonin wannan sana'a, CLIA, ta ƙiyasta fasinjoji miliyan 31.7 a 2023, sama da miliyan 29.7 na 2019.

Tarihi

Ba a yi ittifaƙi a kan tafiyar farko ba. Wasu na kawo sunan jirgin Francesco I, wanda aka ce ya tashi daga Naples ta Italiya wajen 1833 ɗauke da manyan mutane. Abin da ya fi tabbata shi ne na kamfanin P&O na Ingila, wanda a 1844 ya fara sayar da tikitin zagaya Bahar Rum daga Southampton, a jiragensa masu kai wasiƙu. A 1867 jirgin Quaker City ya kwashi 'yan yawon buɗe ido daga New York zuwa Turai da Gabas ta Tsakiya, tafiyar da ta ci watanni.

Wanda ya mayar da abin sana'a sosai shi ne Albert Ballin na kamfanin HAPAG da ke Hamburg. Matsalar da ya fuskanta ita ce ta lokacin hunturu: arewacin Tekun Atlantika yakan yi tsanani, fasinjoji su ragu, manyan jirage su zauna a tasha suna cin kuɗi. Sai ya yanke shawarar tura su inda ake samun ɗumi. A watan Janairun 1891 jirgin Augusta Victoria ya bar Jamus zuwa Bahar Rum, ya yi kusan wata biyu yana zagayawa, Ballin da kansa yana ciki. Da abin ya karɓu, kamfanin ya ƙera Prinzessin Victoria Luise, wanda aka jefa ruwa a 1900, kuma galibin marubuta na ɗaukarsa jirgi na farko da aka ƙera musamman don shaƙatawa. Ɗakunansa duka na masu hannu da shuni ne, akwai ɗakin karatu da wurin motsa jiki. Bai yi tsawon rai ba, domin a Disambar 1906 ya kafe a gaɓar Jamaika.

Duk cikin wannan zamani babu wanda ya yi tunanin yara a matsayin baƙin da ake nema. Yaran da suka fi hawa teku a lokacin 'ya'yan masu ƙaura ne, a can ƙasan jirgi inda tikiti ya fi araha. Manyan jiragen jigila irin su Queen Mary na 1936 sun tanadi ɗakunan wasan yara, amma manufar ita ce a sama wa yaro wurin zama har a iso.

Jirgin sama ne ya juya al'amarin. A 1958 jirage masu injin jet suka fara jigila tsakanin Amurka da Turai, kuma wajen wannan lokaci ne masu ƙetare Atlantika ta sama suka zarce masu bi ta ruwa. Tafiyar kwana biyar ta koma ta sa'o'i. Kamfanonin jiragen ruwa suka rasa fasinja, wasu suka rushe, wasu suka karkata ga yankin Karebiyan. Birnin Miyami ya zama cibiya. A 1966 Knut Kloster da Ted Arison suka fara da jirgin Sunward, a 1968 aka kafa Royal Caribbean, a 1972 kuma Arison ya buɗe Carnival da wani tsohon jirgi da ya sa wa suna Mardi Gras, wanda ya kafe a yashi a fitarsa ta farko. Waɗannan kamfanoni ne suka sauko da farashi har ma'aikaci ya iya biya.

Shigowar yara

Kamfanin Premier, wanda aka kafa a 1983, yana cikin na farko da suka ɗora kasuwarsu a kan iyali. Jiragensa masu jan fenti suna tashi daga Port Canaveral a jihar Florida, ana haɗa 'yan kwanaki a teku da ziyarar filin wasannin Disney. Alaƙar ta ƙare wajen 1993, Disney kuma ya ƙera nasa: Disney Magic ya fara aiki a watan Yulin 1998. Abin da ya ja hankali a kansa shi ne babu gidan caca a ciki, an ba yara fili mai faɗi, an kuma raba bayan gida da wurin wanka a yawancin ɗakuna don sauƙin iyali. Sauran kamfanoni suka bi sahu, jirage kuma suka yi ta girma. Oasis of the Seas ya fito a 2009. Icon of the Seas, wanda aka ƙera a Turku ta Finlan kuma ya fara aiki a Janairun 2024, tsawonsa ya kai kusan mita 365, yana iya ɗaukar fasinja 7,600, an kuma ware masa unguwa guda don masu ƙananan yara.

Ba kowane kamfani ya bi wannan hanya ba. Viking da Virgin Voyages ba sa karɓar wanda bai kai shekara 18 ba.

Sharuɗɗan shekaru

Yawancin manyan kamfanoni ba sa ɗaukar jaririn da bai cika wata 6 ba a ranar shiga jirgi. Idan tafiyar ta ƙetare teku ce, ko tana da kwanaki da yawa a jere ba tare da tsayawa ba, sharaɗin kan koma wata 12. Haka nan mace mai ciki ba a ɗaukarta idan za ta shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar. Dalilin duka biyun ɗaya ne: asibitin jirgi ƙarami ne, ba a shirya shi don bakwaini ko jariri mai tsananin ciwo ba, ƙasa kuma tana iya yin nisa.

Ɗakuna

Ɗakuna iri huɗu ne: na ciki marar taga, mai taga, mai baranda, da babban ɗaki mai falo. Galibi ƙanana ne, gadon mutum na uku da na huɗu kujera ce da ake buɗewa ko gado da ake saukowa da shi daga silin. Jariri ma mutum ɗaya ake ƙirga shi, saboda haka iyali mai mutum biyar kan buƙaci ɗaki na musamman ko ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, kuma irin waɗannan su ke fara ƙarewa. Gadon jariri sai an nema tun kafin tafiya. Yawancin ɗakuna ba su da bahon wanka.

Ɗakunan kula da yara da wuraren ninkaya

Nan ne iyayen da ke tafiyar farko suka fi samun saɓanin abin da suka zata. Ɗakunan wasan yara, inda ma'aikata ke kula da su kyauta a yawancin sa'o'in yini, kan fara karɓar yaro daga shekara 3, da sharaɗin ya daina sa kunzugu, yana iya zuwa bayan gida da kansa. Carnival yana karɓa daga shekara 2. Waɗanda ba su kai ba, wasu jirage na da ɗakin raino da ake biya da awa, wuraren kuma kaɗan ne. Wasu jiragen ba su da shi sam. Ana raba yara rukuni-rukuni bisa shekaru, saboda haka wa da ƙane na iya samun kansu a ɗakuna daban, abin da kan sa ƙaramin ya ƙi zama. Ana yin rajista a ranar farko, a rubuta sunayen waɗanda aka yarda su ɗauki yaron, ba a kuma miƙa shi ga kowa sai su.

Wurin ninkaya yana da tasa doka. Yaron da ke sa kunzugu, ko da irin na shiga ruwa ne, ba a barinsa ya shiga babban tafki ko kwarmin ruwan ɗumi. A jiragen da ke zuwa Amurka wannan ya samo asali ne daga ƙa'idojin tsabta na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Sai dai wasu sababbin jirage suna da ɗan filin fesa ruwa na daban, mai nasa injin tacewa, wanda aka yi wa jarirai. Iyalin da ke da ɗan shekara 2 ya kamata su san ko jirginsu yana da shi kafin su biya, domin mako guda yaro yana kallon ruwa ana hana shi ba ƙaramin aiki ba ne.

Tsaro

Dokokin kare rayuka a teku suna cikin yarjejeniyar SOLAS, wadda aka fara tsarawa a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912. Wadda ake aiki da ita yanzu ta 1974 ce, da gyare-gyarenta. Bayan hatsarin jirgin Costa Concordia kusa da tsibirin Giglio na Italiya a ranar 13 ga Janairu 2012, inda mutum 32 suka rasu, an wajabta atisayen gaggawa kafin jirgi ya bar tasha ko da zarar ya tashi. Kowane fasinja yana da wurin taruwa da aka rubuta a katinsa. Ƙananan yara ana ɗaura musu zobe a wuyan hannu mai ɗauke da lambar wurin, ba a cire shi har a sauka, don in ƙararrawa ta buga alhali yaro yana ɗakin wasa, ma'aikata su kai shi inda iyayensa za su taru. Ƙararrawar kanta busa bakwai ce gajeru da ɗaya doguwa, kuma ƙararta kan firgita jariri. Akwai rigunan ceto na yara da na jarirai.

Wata dokar Amurka ta 2010 ta ce shingen gefen jirgi kada ya gaza inci 42, wato kusan santimita 107. Yaro ɗan shekara 3 ba zai iya haye wannan daga ƙasa ba. Haɗarin yana ga kujera da ɗan teburin da ke kan baranda: in ya ja kujerar zuwa jikin shinge ya taka, tsayin ya ragu sosai. Shi ya sa ƙofar baranda kan zo da makulli a sama, inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Shekaru da dama babu masu tsaron ninkaya a jirage. Disney ya sa su wajen 2013, Royal Caribbean da Norwegian wajen 2017, bayan nutsewar wasu yara. Har yanzu ba kowane jirgi ke da su ba, kuma inda suke ma idon iyaye ne abin dogaro na farko.

Lafiya

Jirin teku, wato tashin zuciya da hajijiya, ya fi kama yara masu shekara 2 zuwa 12. Jarirai ba safai ba. Manyan jirage na da fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi, kuma ɗakin da ke tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa ya fi natsuwa. Ba kowane maganin jiri ya dace da yaro ba, sai da shawarar likita.

Cutar da aka fi dangantawa da jirage ita ce amai da gudawa ta ƙwayar norovirus, mai saurin yaɗuwa inda mutane suka cunkushe. Man goge hannu ba ya kashe ta sosai, wanke hannu da sabulu ya fi. Shirin tsabtar jirage na CDC, wanda aka fara a 1975, yana duba jirage ba tare da sanarwa ba, kuma wanda ya ci maki 85 ko ƙasa cikin 100 ya faɗi. Yaron da ya kamu ana killace shi a ɗaki. Ganin likitan jirgi biya ake yi, kwashe marar lafiya zuwa ƙasa kuma yana da tsada ƙwarai, don haka inshorar tafiya ke da muhimmanci. Annobar korona ta tsayar da sana'ar kusan baki ɗaya a 2020.

Kuɗi, takardu da sauka a tasha

Kuɗin tikiti ya haɗa da ɗaki, abinci a manyan ɗakunan cin abinci, da yawancin nishaɗi. Abin sha na kwalba, intanet, yawo a gari da tukuicin ma'aikata daban ake biya, kuma tukuicin a kamfanoni da yawa kowace rana ake cirewa a kan kowane mutum, har da yara. Madarar jarirai da kunzugu ba lallai a same su a kantin jirgi ba.

A yawancin tafiye-tafiye kowane yaro yana buƙatar fasfo, da bizar ƙasashen da za a tsaya idan suna nema, ko da iyalin ba su da niyyar sauka. Idan ɗaya daga cikin iyaye ne kaɗai ke tafiya, ana iya neman takardar amincewar ɗayan. A tashoshin da jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, ƙananan kwale-kwale ke kai mutane, abin da ke da wuya da keken jariri. Jirgi yana aiki da agogonsa, wanda ke iya saɓawa da na garin da aka sauka, kuma ba ya jiran wanda ya makara. A Karebiyan lokacin guguwa daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kyaftin kuma yana da ikon sauya hanya.

Suka

Ana sukar sana'ar a kan hayaƙi da dattin da jirage ke fitarwa, cunkoson da suke jawo wa ƙananan garuruwa, da tsawon sa'o'in aikin ma'aikata, waɗanda da yawansu 'yan Filifin, Indonesiya da Indiya ne. Jirage da dama an yi musu rajista a ƙasashe irin su Bahamas, Panama da Malta. Kamfanonin na cewa sababbin jirage sun fi tsabta. A 2021 Italiya ta hana manyan jirage shiga tsakiyar birnin Venice.