Wuta, ruwa, layin waya: me ya sa gwamnati ke sa baki a farashinsu?

Wai su waɗanne abubuwa ne ake cewa na amfanin jama'a?

Abubuwan da kowa ke buƙata kullum ne amma ba ka da zaɓin wajen wa za ka saya. Ka ga tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas, in wannan ya tsawwala sai ka matsa teburin gaba, to wuta ba haka take ba, waya ɗaya ce ta shigo layinku a Agege kuma ba wanda zai zo ya kafa maka wasu turakun don kawai ka yi fushi. Shi ya sa doka ke sa hukuma a tsakani, ta ce ga iya abin da za a caja.

Ba an ce an sayar da NEPA ba?

An sayar da wani ɓangare dai. A 2005 ta koma PHCN, a 2013 aka fara miƙa wa 'yan kasuwa kamfanonin raba wuta guda 11, nan Legas biyu ne, Ikeja Electric da Eko, manyan layukan dakon wutar kuma suna hannun gwamnati ƙarƙashin kamfaninta TCN. Kamfani na kuɗinsa ne amma ba ya ƙara farashi sai hukuma ta yarda, kamar a Afrilun 2024 da NERC, hukumar kula da harkar wuta, ta kai yunit ɗin 'yan rukunin Band A naira 225 bisa sharaɗin wutar awa 20 a rana. Sunan NEPA kam ya ƙi mutuwa, har yau shi yara ke ihu in an kawo.

Ruwa fa?

Nan ne abin ya fi ban takaici wallahi. Akwai hukumar ruwa ta jihar, matatar Iju tun 1915 take, amma unguwanni da yawa famfon gwamnati bai kai ba, sai bohol, sai 'yan uwanmu masu tura kura da jarkoki. Farashin jarka ba hukumar da ta yanka shi, ranar da aka ɗauke wuta mai bohol ya tada janareta ya ƙara kuɗi, mai ruwa ma ya ƙara, uwargida ta biya tana mita.

Kuɗin data ma suna ciki?

Eh, hukumar sadarwa ta NCC ce ke duba su, ita ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Sai dai nan da ɗan sauƙi tunda in layi ya ishe ka za ka iya canza sim.