Idan kaya ya cutar da kai, wa doka za ta kama?

A da, wanda abin sha ko magani ya cutar a Najeriya sai ya tabbatar wa kotu cewa kamfani ya yi sakaci wajen haɗa shi. Talaka da bai taɓa leƙa cikin masana'anta ba, ina zai samo wannan hujja? Shari'o'i da yawa a nan suka mutu.

Dokar gasa da kare haƙƙin masu sayen kaya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2019, ta sauya lissafin. Sashe na 136 ya ce duk wanda ya samar da kaya mai aibi shi ke ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo, ko rauni a jiki ko asarar dukiya. Ba sai kai ka saya da kuɗinka ba. Ko baƙo aka ba wa ya sha, yana da haƙƙi. Sashe na 145 kuma ya ɗora wa kamfanin nauyin tabbatar da cewa kayansa lafiya lau suke. Rubuta "ba a dawo da kaya" a rasit ba ya wanke kowa.

Wannan ɓangaren diyya ke nan. Gidan yari yana shigowa ne idan kamfani ya gano haɗari a kayansa ya yi shiru. Sashe na 135 ya wajabta masa sanar da jama'a da janye kayan daga kasuwa. Ƙin yin haka laifi ne: tara ga kamfanin, daraktocinsa kuma ana iya gurfanar da su ɗaya bayan ɗaya.

An taɓa ganin haka a ƙarƙashin dokokin magani. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙorin jarirai My Pikin, da ya gurɓata da gubar da ke lalata ƙoda, ya kashe yara fiye da 80. A 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai-bakwai.

Inda mutane ke cutar kansu shi ne zubar da hujja. Kada ka yar da ragowar kayan ko kwalinsa, domin lambar rukunin da ke jiki ita ke nuna lokacin da aka yi shi. Adana rasit, ka je asibiti a ranar ka karɓi rahoton likita. Sannan ka kai ƙorafi hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayen kaya, ko NAFDAC idan abinci ne ko magani. Kana kuma iya zuwa kotu kai tsaye.