Ma'ajiyar Busassun Tsirrai ta Jami'ar Oxford

Ma'ajiyar busassun tsirrai ta Jami'ar Oxford ita ce mafi daɗewa a Birtaniya, kuma tana ɗauke da samfura kusan miliyan 1. Kowane samfuri tsiro ne da aka danne tsakanin takardu har ya bushe, aka manna shi a faffaɗar takarda, sannan aka rubuta sunansa, da inda aka tsinko shi, da ranar, da wanda ya tsinko. Wannan ɗan rubutu shi ne darajarsa, domin in babu shi, busasshen ganye ne kawai.

Tushenta yana haɗe da lambun tsirrai na jami'ar, wanda aka kafa a 1621. Sai dai akwai abin da ya girmi lambun a cikinta, wato kundin tsirran da wani malamin coci ɗan Italiya, Gregorio da Reggio, ya haɗa a 1606. Da masanin tsirrai William Sherard ya rasu a 1728, ya bar wa jami'ar tarin tsirransa da kuɗin ɗaukar farfesa, kuma Bajamushe Johann Jacob Dillenius ne ya fara hawa kujerar. Akwai kuma tsirran da matuƙin jirgin ruwa William Dampier ya ɗebo daga yammacin Ostareliya a 1699.

Ma'ajiyar kashi biyu ce. Na farko shi ne Fielding-Druce, da sunan Henry Fielding, wanda ya bar wa jami'ar tarinsa, da George Claridge Druce, mai shagon magani da ya taɓa zama magajin garin Oxford, ya rasu a 1932.

Kashi na biyu, Daubeny, shi ya fi shafar Afirka. An kafa shi a 1924 tare da cibiyar koyar da aikin gandun daji ta Daular Birtaniya, inda a wancan lokaci jami'an daji na ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka ke samun horo, su kuma aiko da samfuran itatuwa. A nan masanin tsirrai Frank White ya shafe shekaru yana nazarin dangin kanya da dangin maɗaci, shi ne kuma ya haɗa taswirar tsirran Afirka da UNESCO ta buga a 1983.

Mafi daraja a ciki su ne samfuran asali, waɗanda da su aka fara raɗa wa wani nau'in tsiro suna. Idan masana suka yi saɓani kan wani tsiro, gare su ake komawa. Yanzu ana ɗaukar hotunan samfuran ana sakawa a intanet, mai bincike a Zariya ko Yamai ya duba ba sai ya je Ingila ba.