Dokokin difarenshiyeshan: me ake yi idan fankishin biyu suka haɗu?

Duk wanda ya fara kalkulas, abin da ake fara koya masa shi ne deribatif, wato saurin da wani abu yake canzawa idan x ta ɗan motsa. Na x² shi ne 2x, na x³ shi ne 3x², na sin x kuma cos x ne. Waɗannan ana haddace su cikin ɗan lokaci. Wahalar tana zuwa ne idan aka haɗa fankishin biyu ko uku wuri ɗaya, aka ce a nemo deribatif ɗin haɗin. Fankishin shi ne lissafi irin x² ko sin x, wanda amsarsa ta dogara da x. Abin da ake kira dokokin difarenshiyeshan shi ne hanyoyin warware irin wannan haɗi, kuma haɗin iri huɗu ne: a tara, a ninka, a raba, ko a cusa ɗaya cikin ɗaya.

Tarawa da ɗebewa ba su da wata matsala. Kowane yanki ka bi shi shi kaɗai. Deribatif ɗin 3x² + 5x − 7 shi ne 6x + 5. Bakwai ɗin ta ɓace domin tsayayyiyar lamba ce, ba ta canzawa, saurin canjinta sifili ne. Lambar da ke manne a gaban x kuma, kamar 3 da 5, tana nan inda take, sai a ninka ta da deribatif ɗin: 3 sau 2x ne ya ba da 6x.

Sauƙin nan ne yake yaudarar mutane idan aka zo ninkawa. Ɗalibi sai ya ce tunda a tarawa an bi kowanne shi kaɗai, a ninkawa ma sai a ɗauki deribatif ɗin wannan a ninka da na wancan. Gwada ka gani. x² sau x³ ai x⁵ ne, kuma deribatif ɗinsa 5x⁴. Amma idan ka ninka 2x da 3x², 6x³ za ka samu. Ko kusa ba su yi ba. Kada wanda ya taɓa faɗawa wannan rami ya ji kunya, domin Leibniz, Bajamushen da shi da Newton na Ingila ake jingina wa ƙirƙiro kalkulas, a rubuce-rubucensa na watan Nuwamba 1675 ya tsaya yana tambayar kansa ko haka abin yake, kafin ya gano ba haka ba ne. Dokar da ta tabbata ita ce ya buga a 1684 a mujallar Acta Eruditorum ta birnin Leipzig: (uv)′ = u′v + uv′, inda u da v su ne fankishin biyun, alamar ′ kuma tana nufin deribatif. Koma kan misalinmu: 2x sau x³, a tara da x² sau 3x², ya ba da 2x⁴ + 3x⁴, wato 5x⁴ cif.

Me ya sa dokar ta zo da gida biyu? Zana murabba'i mai dari, tsawonsa 10, faɗinsa 4. Filinsa 40 ke nan. Ƙara wa kowane gefe 0.1, filin ya zama 10.1 sau 4.1, wato 41.41. An sami ƙarin 1.41. Duba zanen da kyau ka ga inda ƙarin ya fito: siririn zirin da ya kwanta a jikin tsawo ya kawo 1.0, wanda ya tsaya a jikin faɗi ya kawo 0.4, sai ɗan ƙaramin lungu a kusurwa mai 0.01. Zirin nan biyu su ne uv′ da u′v. Ɗan lungun kuwa shi ne canji sau canji, abin da mai kuskure ya riƙe ya watsar da sauran. Idan ƙarin ya koma 0.001, lungun zai zama 0.000001, ya ƙanƙance fiye da zirin nesa ba kusa ba, shi ya sa a ƙarshe ba a lissafa shi.

Dokar rabawa ita ce (u/v)′ = (u′v − uv′)/v². A nan jeri yana da muhimmanci saboda alamar ɗebewa: deribatif ɗin na sama ake farawa da shi. Ga x/(x + 1), za ka sami (x + 1) − x a sama, amsar ta zama 1/(x + 1)². Ka juya jerin, ka sami amsa mai alamar da ba ita ba. A ganina ana ba wannan doka girman da ya wuce nata. Sau da yawa ma ba a bukatarta: (x³ + 2x)/x ai x² + 2 ne idan ka raba tun farko, deribatif ɗinsa 2x, an gama.

Wadda ta fi cancantar a zauna a kanta ita ce dokar sarƙa, ta fankishin da ke cikin wani fankishin. Ɗauki (3x + 1)². Na waje shi ne ninka abu da kansa, na ciki shi ne 3x + 1. Dokar ta ce ka yi deribatif ɗin na waje ba tare da ka taɓa abin da ke cikin baka ba, sannan ka ninka da deribatif ɗin na ciki: 2(3x + 1) sau 3, wato 18x + 6. Idan kana shakka, buɗe bakan: 9x² + 6x + 1, deribatif ɗinsa 18x + 6. Sun yi daidai. To amma idan (3x + 1)⁵⁰ aka ba ka, wa zai zauna buɗe baka? Da dokar sarƙa layi ɗaya ne: 150(3x + 1)⁴⁹. Ukun nan na ciki shi ne abin da aka fi mantawa, kuma shi yake cinye maki.

Dokar tana aiki a wajen takarda ma. Balan-balan da ake hurawa, girman cikinsa (4/3)πr³ ne, r kuma, wato nisan da ke daga tsakiyarsa zuwa bakinsa, tana ƙaruwa da lokaci. Idan r ta kai santimita 10 tana ƙaruwa da santimita 2 a daƙiƙa, iskar da ke shiga ita ce deribatif ɗin girman, 4πr², sau 2, wato 800π, kusan santimita kubik 2,513 a kowace daƙiƙa. Hatta horar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, wannan dokar ce ake maimaitawa daga mataki zuwa mataki.

Idan haɗin ya cakuɗe, tambayar ita ce wace doka za a fara da ita. Dabarar da na fi yarda da ita: ka ɗauka an ba ka x = 2 an ce ka lissafa amsar da hannu. Aikin da za ka yi a ƙarshe shi ne dokar da za ka fara da ita. A x² sin(3x), za ka nemo x², ka nemo sin(3x), sannan ka ninka su. Ninkawa ce ta ƙarshe, saboda haka ita ce ta farko, dokar sarƙa ta shigo daga baya: 2x sin(3x) + 3x² cos(3x). A sin(3x²) kuwa, haruffan kusan ɗaya ne amma aikin ƙarshe sin ne, sai amsar ta zama 6x cos(3x²).

Wani lokaci malami ba zai ba ka fankishin ba sam, lambobi kawai zai ba ka: f(2) = 3, f′(2) = −1, g(2) = 4, g′(2) = 5. Deribatif ɗin fg a 2 shi ne (−1)(4) + (3)(5), wato 11. Amma idan f(g(x)) aka tambaya, waɗannan lambobi ba su isa ba. Abin da f take karɓa shi ne g(2), wato 4, don haka f′(4) ake bukata a ninka da 5, ba f′(2) ba.