Waiwaye: Ken Loach da talakawan Birtaniya

A watan Nuwamba na 1966 gidan talabijin na BBC ya nuna wasan kwaikwayon Cathy Come Home, labarin wasu matasan ma'aurata da suka rasa muhalli bayan mijin ya ji rauni ya rasa aikinsa. A ƙarshe jami'an gwamnati suka raba uwar da 'ya'yanta a tashar jirgin ƙasa, tana kuka tana kururuwa. Mutane kusan miliyan 12 suka kalla, maganar marasa gida ta cika ƙasar. Daraktan wasan shi ne Ken Loach, haifaffen garin Nuneaton a 1936, wanda ya karanta shari'a a Oxford kafin ya shiga BBC.

A 1969 ya fitar da fim ɗin silima mai suna Kes, labarin yaro ɗan unguwar masu haƙar kwal a Barnsley da ke kiwon shaho. Tun nan salonsa ya zauna: yakan ɗauko mutanen gari waɗanda ba su taɓa fitowa a fim ba, ya bar su da karin harshensu, sau da yawa ma ba ya ba su dukkan labarin, don abin da kyamara za ta kama ya zama razana ta gaske.

Shekarun 1980 suka zo masa da wuya. A zamanin Firayim Minista Margaret Thatcher ya shirya fina-finan gaskiya kan shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, yana zarginsu da juya wa ma'aikata baya, gidan talabijin na Channel 4 ya ƙi nuna su. A ganina nan aka fi zaluntarsa, domin talabijin ce ta raine shi, ita ce kuma ta rufe masa ƙofa.

Bikin fina-finai na Cannes a Faransa ya ɗaga darajarsa. Ya lashe babbar kyautar bikin a 2006, ya sake a 2016 da I, Daniel Blake, labarin kafinta a Newcastle da ciwon zuciya ya hana aiki, ofishin tallafi kuma ya dinga yi masa jeka-ka-dawo. A fim ɗin akwai wata uwa da yunwa ta sa ta buɗe gwangwanin wake a wurin rabon abincin sadaka, tana ci da hannu tana hawaye.

A 2023 ya fitar da The Old Oak, kan 'yan gudun hijirar Siriya da aka sauke a wani tsohon ƙauyen kwal. Yana da shekara 86 a lokacin, ya kuma ce da wuya ya sake yin wani.